Wendell biyu a kwamfutar kotu

Ƙanena,

Na fita, ban tashe ka ba. Jiya da ka ce kamfanin bas ɗin makaranta sun ƙi ɗaukarka wai an taɓa kama ka kana tuƙi a buge, kasa zama na yi. Kai da ko a biki lemo kake sha! Na wuce kotun gunduma. Matar da ke ajiye takardu ta duba kwamfuta ta ce, "'Yar'uwa, Wendell Tackett biyu gare mu. Babban ko ƙaramin?"

Kamun na Baba ne, tun kana rarrafe. Mai binciken kamfani suna kawai ya gani, ko ranar haihuwa bai duba ba.

Yau da safe za ta ba da kwafin takardar shari'ar mai hatimi. Ka same ni can da lasisinka, mu kai wa kamfanin kafin su ba wani aikin. Wuƙar aljihun nan ka bar ta gida, a ƙofar kotu za su ƙwace.

Kuma kar ka shiga kana sunkuyar da kai. Sunansa Baba ya ba ka, bai haɗa da kwalbarsa ba.

Yayarka,
Lorene