Saniyar da Ta Ƙetare Gulbi

Daga hannun Malam Alu, malamin shingen shanu na hanyar Maiyama, a Jega. Bayan biyayya ga hakiminmu, Allah shi ja zamaninsa, da ladabi ga Baturen dabbobi wanda ya ɗora ni bisa wanga aiki, wagga takarda ba tasu ba ce. Taki ce.

Zuwa ga Mairama ɗiyar Hamma, farin wata sha kallo, ruwan fari bisa busasshiyar ƙasa, inuwar tsamiya ga matafiyin rani, sanyin idona kuma ciwon zuciyata. Yayanki Jibrilla, wanda muka koyi boko tare a Birnin Kabi, shi zai karanta miki. Na roƙe shi kada ya tsallake ko harafi guda.

Kin tuna ranar kasuwar Aliero, bayan lambunan albasa, da kika dama mini fura kika goge ludayi da gefen zanenki kafin ki miƙo? Tun ranar ban sha nonon kowa na ji daɗinsa ba. To yaya bakin da ya yi mini murmushin nan ya tsaya gaban igiyar shingena, mata na saurare, don na ƙi buɗe wa saniyarki hanya, ya ce ashe Alu bai iya komi ba sai tsaron igiya?

Ya hasken gidan Hamma, wanga zance ya fi mini ɗaci bisa maɗaci. Ki saurara, domin abin da zan faɗa ilimi ne, ba kowa ya san shi a Jega ba. Turawa ba su haɗa rashin iko da rashin izini a kalma guda. Suna da kalma ga gurgun da ƙafarsa ta kasa, da wata dabam ga mai ƙafa biyu da aka ce ya tsaya, da ta uku ga wanda aka bar wa zaɓi. Ni na biyun ne. Hannuna ya iya kwance igiyar nan kafin ki ƙifta ido. An hana ni ne, saboda bushiya, annobar nan mai kashe shanu, ta faɗa wa shanun Gehuru, inda kika ɗauko saniyarki daga garken kawunki, kuma doka ta ce kada kofato guda ya bi hanyar Maiyama sai bayan kwana arba'in.

Da kin ga abin da nike gani! Rami bayan shinge cike da mushe, ciki ya kumbura, ido ya ruɓe, majina da zawo sun jiƙe ƙasa. Ungulaye sun ƙoshi har ba su tashi in an kore su. Ƙuda na sauka bisa tawadata. Warin ya shiga rigata, ya shiga tuwona, ko turare ba ya fid da shi. Duk da haka, wallahi bai tayar mini da zuciya kamar abin da na gani ranar Talata ba.

Da hantsi, ina tsaye bisa tudu, na hango Ummaru mahauci ya ja saniyarki ya ƙetare gulbi ta mashigin Alelu, ruwa har ƙirjinsa, ke kina biye kina dariya. Ummaru, mai riga ta daskare da kitse, wanda karnuka ke rakiya har ƙofar gida, wanda ke zagaya ramin nan kamar kura yana duban abin da bai gama mutuwa ba. Shi ne yanzu namiji a idonki? Don ya iya abin da kowane jaki ya iya? Furen bado kan tsiro cikin taɓo, amma ban taɓa jin ya yaba wa taɓo ba.

Ina roƙonki abu biyu, ya zinariyar mata. Ki ce wa babanki ya ware saniyar nan nesa, kada ta sha ruwa a kwami ɗaya da sauran, tun garkensa bai zama irin ramina ba. Sannan ki janye maganarki gaban matan da suka ji ta, don iyayena su samu fuskar zuwa gaisuwa gidanku.

Yanzu ga abin da ya rage. An umurce ni in rubuta sunan duk wanda ya ƙetare da dabba, takarda ta tafi ga Bature ranar Alhamis, a kai masu laifi gaban alƙali. Na rubuta Ummaru, har na danna alƙalami. Na zo ga layi na biyu, inda sunanki zai shiga, na riƙe shi har tawada ta bushe, na naɗe takardar haka nan. In abin ya fito, za a karɓe aikina, a yi mini bulala a bainar kasuwa, ni da ake tashi tsaye in na iso. Na sani, kuma ban sake buɗe ta ba.

Naki har ranar da za a miƙe ni dama cikin kabari, ko kin janye ko ba ki janye ba,
Malam Alu.

Waɗanda suka gan ki cikin ruwa, kuma kowanensu ya san hanyar gidan Bature: Kyauta mai albasa, Hamsatu matar sarkin ruwa, Zulai ta Sabiyal, da dogarin hakimi, wanda ya tsaya kaina ina naɗe takardar sunayen.