Ɗan Shura a Bahar Maliya

Zuwa ga Yaya Sale, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya ƙafar taka? Ina gaida Yaya Hauwa da yara da jikoki. Mu nan unguwar Jarwal lafiya lau, alhamdulillahi.

Jikata Maryam, mai digiri na biyu kan itatuwan bakin teku, ta matsa sai na raka ta wajen aikinta, kudu da Jidda. Ka san tun ranar da jirgin ruwa ya raba mu a Bur Sudan ban sake yarda na kalli Bahar Maliya ba. Na dai je ina mita. Yarinya ta shiga taɓo har gwiwa tana auna saiwoyi. Na ce, "Duk karatun nan, ƙarshensa wasan taɓo?"

Ta yi dariya, ta miƙo mini wani abu kore kamar wake. Ta ce, "Sitti," haka suke kiran kaka a nan, "ɗan itacen shura ne. Ruwa ke ɗaukarsa, inda ya yar da shi nan yake tsirowa. Akwai irinsu a gaɓar Sudan."

Yaya, sai na juya ɓangarenku. Na ƙura wa yamma ido, ruwa ne kawai. Na tambaye ta ko wannan zai kai can. Ta ce, "Da wuya, Sitti." Na ce ai ba ita ke tuƙa ruwan ba, na jefa shi.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a, Allah ya sada fuskokinmu. In ƙafa ta bari, ka sa yara su kai ka bakin ruwa ka duba mini.

Ƙanwarka,
Rabi