Adireshin Labo Dillali

Cadawa, ranar Asabar

Zuwa ga uwargidana Suwaiba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta fara taka ƙasa kuwa? Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta na yi mata addu'a, duk da har yau ban manta ba, ranar da na je neman aurenki ta ce dillali ba shi da adireshi sai gindin itacen bedi.

Na gaji da kiran salularki, rezon waya na ƙauyenku Gidan Rumji sai ya ga dama. Shi ya sa na ba Ɗan Azumi direba takarda. Karatun yaƙi da jahilcin da kika yi, yau ya yi rana.

To, ki gyara zama. Ɗiyarki Hamdiya ta ƙwace mini kasuwa. Kin san ayar ƙungiyar manoman Gazawa, wadda shekara goma sha tara ni ke sayar musu da ita? Bana buhu ɗari biyu ne a mangazarsu ta ajiya da ke Agiye, kuma shugabansu Malam Inusa ya ce ba su neman dillali. Wai sun ɗauki mai kula da talla a intanet. Na ce wane ne wannan ɗan bani-na-iya? Ashe a gidana take cin tuwo!

Ta yi mini bayani, na yi kamar ban saurara ba, amma na ji. Wai in mutum na neman abu, sai ya rubuta a wayarsa a wurin nan da ake kira Gugul. Ita kuwa ta riga ta jera wasu kalmomi, in abin da ya rubuta ya dace da su, sai tallarta ta fito gabansa. In ya latsa tallar, sai a cire wani abu daga kuɗin da ƙungiya ta zuba, shi kuma a kai shi wani adireshi inda zai ga kaya. Ko ya saya ko bai saya ba, an cire. Na ce mata ni dai a sana'ata ba a biyan la'ada sai ciniki ya faɗa.

Malam Inusa ya ba ta kasuwar Cadawa huɗu, wato sati huɗu. In ta huɗu ta ci babu mai saye, za su sallame ta, ayar ta dawo hannun dillalai, wato hannuna. Kin ga inda aka ajiye ni: faɗuwarta cina, cinta faɗuwata. Ni na biya mata lakol, karatun boko, a Maraɗi da la'adar ayar nan, yau ga sakayya. Raina ya ɓaci, Suwaiba, ba zan ɓoye miki ba. Na ce mata Allah ya ba da sa'a, na juya na ci gaba da alwalata.

Ki gaida su Yaya Salima da yaran gida.

Naki,
Labo

Cadawa, ranar Lahadi

Suwaiba,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki. Na ji daɗi da Ɗan Azumi ya ce ya same ta zaune a waje tana faɗa da kaji. In dai ta fara faɗa, to lafiya ta samu.

Kasuwa biyu ta ci, ko tiya guda ɗiyarki ba ta sayar ba. Ta rame, ta daina yi mini gardama, abin da ban taɓa gani ba tun da ta iya magana. Jiya bayan la'asar tana zaune a tsakar gida da ordinater ɗinta, wato kwamfuta, tana karanta wani abu a hankali kamar mai bita. Na tambaye ta mene ne. Ta ce jerin abin da mutane suka rubuta ne kafin su latsa tallarta, wai sun haura ɗari bakwai, ta rasa dalilin da ko ɗaya bai kira ba. Na ce ta karanto.

Wallahi da ƙyar na danne dariya. Wannan ya rubuta amfanin aya ga jiki. Wancan yadda ake kunun aya. Wata ko aya na ƙara ruwan nono. Wani ɗan lakol na neman tarihin noman aya a Nijar. Suwaiba, waɗannan ai na san su, 'yan ɗanɗano ne. Su ne masu tsayawa gaban buhu su ɗebi cikin hannu, suna tauna suna tambayarka labarin damina. A kasuwa dai ƙwaya biyar suke ci maka, a nan kuwa kowanne sai an biya masa kuɗin shiga. Ita da kanta ta gayyato su, don kalmar da ta sa ita ce aya kawai, da wasu manyan kalmomin Faransanci na takarda da ban taɓa jin ɗan kasuwa ya furta ba.

Sai ta nuna mini inda ake kai mutum in ya latsa. Inna lillahi! Hoton Malam Inusa ne cikin babbar riga, da sallama, da godiya ga hakimi da masu gari, da tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta. Na sa ta yi ta ja da yatsa, sai can ƙasa muka ga aya. Ta ce Malam Inusa ne ya dage, wai baƙo ba ya shiga gida sai ya gaisa da maigida a zaure. Duk tallarta, ta aya manya da ta ƙanana, adireshin zauren nan guda ta ba su.

Na ga ciwon, na san maganinsa, na kuwa ja bakina na yi shiru. Na ce mata kawai sai haƙuri. Ga shi na gaya miki, ke kaɗai.

Yau da safe Tsoho, abokin dillancina, ya tare ni yana washe baki, wai in shirya, aya ta kusa dawowa gida. Na amsa masa, amma shayin da ya saya mini ban iya shanyewa ba.

Naki,
Labo

Cadawa, ranar Alhamis

Uwargida ran gida,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Inna. Takardarki ta iso, na karanta, na kuma ji a jikina. Layi biyar kacal, amma ko bulalar malamin allo ba ta kai su ba. Kin ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To ai ni ban ce zan yar ba, kin cika gaggawa.

Gaskiya ma kafin takardarki ta zo an riga an taɓo ni. Ranar Litinin a gindin bedi, gaban mutane, Tsoho ya ce ɗiyar Labo ta yi lakol shekara goma sha shida ta kasa sayar da abin da tsohuwa ke sayarwa a faifai. Aka yi dariya. Jinina ya hau. Ni in ce ta kasa, wannan tsakanina da ita ne. Amma Tsoho? Mutumin da ya taɓa sayar wa baƙo ayar bara a matsayin sabuwa? Na kakkaɓe rigata na tashi, ko sallama ban yi musu ba.

Washegari da hantsi na hau mota zuwa Agiye, na sami Hamdiya a buro, wato ofishin ƙungiya. Na ce ta buɗe abin nata ta rubuta, kar ta katse ni. Na ce mata mai saye na gaskiya ba ya tambayar mece ce aya, ya riga ya sani. Shi buhu yake tambaya. Yana tambayar manya ce ko ƙanana, ta bana ce ko ta bara, an tankaɗe ko da tsakuwa, kilo nawa a buhu, a ina ake lodi. Shekara talatin ina jin bakinsu, na Jibiya da na Kano da na Yamai. Na yi ta zubo mata yadda suke faɗa, tana juyawa zuwa Faransanci da Turanci saboda waɗanda ba su rubuta Hausa. Da na yi shiru sai ta ce in ƙaro.

Sai ta ce akwai wurin da ake jera kalmomin da ba a so, duk wanda ya rubuta su tallar ba za ta fito masa ba. Na ce Allahu akbar, ashe har da ƙyaure a gidan kika bar shi a buɗe! Muka zuba amfani, magani, yadda ake, tarihi, kyauta. Na ce ta ƙara da tiya, don mai neman tiya ba shi da abin yi da mangaza.

Saura zauren Malam Inusa. Wannan ni na je da kaina, don ita ba za ta iya kallon idonsa ba. Na ce masa a al'adar kasuwa, dillali kan kama hannun mai saye ya kai shi kan buhun da ya tambaya, sai ciniki ya faɗa sannan a je gaida mai kaya a sa albarka. Zaure na gida ne, kasuwa ba ta da zaure. Ya yi ta shafa gemu, ya tambaya ko za a goge hoton. Na ce a'a, za a dai matsar da shi inda masu daraja ke zama, wato ciki. Ya yarda.

Yanzu kowace aya da adireshinta. Wanda ya nemi manya, kan manya zai sauka: hoton ƙwayar a tafin hannu, nauyin buhu, lambar waya. Tafin hannun ma nawa ne, ita ta ɗauka.

Na san abin da na yi, Suwaiba. Abin da nake ci da shi na juye mata cikin safiya guda. A mota muna dawowa ta yi ta satar kallona, ni kuwa na yi ta kallon gonaki.

Ki sa mu a addu'a.

Labo

Cadawa, ranar Asabar

Suwaibata,

Sallama da gaisuwa, da fatan Inna ta ƙara samun sauƙi. Ki nemi wuri kusa da ita kafin ki karanta wannan, akwai saƙonta a ciki.

Bayan gyaran nan masu latsawa suka ragu ƙwarai, daga ɗaruruwa zuwa 'yan ƙalilan. Hamdiya ta tsorata, ta ce na kore mata mutane. Na ce 'yan kallo na kora. Kasuwa ta uku ta ci da kira uku kawai, biyu suka ji farashi suka yi shiru. Ina nuna mata ko a jikina, amma Allah ya sani tuwo bai yi mini daɗi ba a satin nan.

Ana gobe kasuwa ta huɗu, da walaha, ta kira ni tana haki, wai in zo Agiye yanzu yanzu. Na iske babbar mota a ƙofar mangaza, da wani mutum mai kimanin shekara arba'in. Da ya ji an ambaci sunana sai ya durƙusa har ƙasa. Ridwanu ne, ɗan marigayi Alhaji Auta na Jibiya, wanda ya yi shekaru yana sayen aya ta hannuna. Tun rasuwarsa ban sake ganin kowa daga gidansu ba, har na ɗauka sun bar sana'ar. Ashe ɗan ba ya yawon kasuwa, a waya yake neman kaya.

Ya ce da ya rubuta abin da yake nema, talla huɗu suka fito masa, duk suna cewa tasu ta fi. Abin da ya sa ya latsa tamu, a jikin adireshin da ke kan tallar ya ga an rubuta Labo Cadawa. Ya ce mahaifinsa kan gaya musu, ayar da ta bi ta hannun Labo ba a sake tankaɗe ta.

Na juya na dubi ɗiyarki, ta sunkuyar da kai. Ashe ranar da muka gyara adireshin ta liƙa sunana a ƙarshensa ba ta gaya mini ba. Na so in yi faɗa, na fasa. Sai na ce tunda an sa sunana, ba buhun da zai hau motar nan ban sa hannu a cikinsa ba. Na naɗe hannun riga. Buhu ɗari biyu na bi ɗaya bayan ɗaya har la'asar, na fitar da goma sha ɗaya masu yashi. Malam Inusa ya ɓata rai, na ce ai gara ya ɓata a nan da a ɓata mana suna a Jibiya. Ridwanu ya kwashe sauran duka, ya ce kuma a ajiye masa ta baɗi.

An bar Hamdiya a kan aikinta. Har ƙungiyar masu riɗi ta aiko tana nemanta.

Ni kuwa la'ada ko dala ban samu ba, ba kuma zan sake samu daga ayar Gazawa ba. Jiya a kasuwa Tsoho ya ce na yanka kaina da wuƙata. Na ce masa e, kuma wuƙar ta yi kaifi, don a gidana aka wasa ta. Zan ga yadda zan yi da gyaɗa da wake, ba yau na fara ba. Amma Suwaiba, da kin ga yadda ta tsaya bakin motar nan da takarda a hannu tana ba 'yan dako umarni, muryarta na fita irin tawa sak! Na koma bayan mangaza na share idona, na ce yashin aya ne.

Ga wata 'yar takarda na sa a ciki, da rubutun Hamdiya. Ni na ce ta rubuto mini adireshin, harafi bayan harafi, har inda sunana yake. Ki karanta wa Inna a hankali, sau biyu in ta ce ba ta ji ba. Ki ce mata dillalin nan na gindin bedi ya yi adireshi, kuma jikarta ce ta yi masa.

Ki dawo haka nan, gidan ya yi mana girma.

Mijinki,
Labo Cadawa