Ruwan Bahar Maliya a Tsohon Zauren Alƙali

Baba,

Ina gaishe ka, Allah Ya ƙara maka rahama. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma akwai maganar da dole in faɗa maka.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana, Inna kuma ƙafar ce dai. An mai da shari'a sabon gini kusa da kasuwa. Tsohon zauren alƙali kuwa, Baturen da ke Gumel ya sa an yaɓe shi, wai a tara kayan teku mutane su riƙa gani. Teku a garin da guga ke shan wuya kafin ya taɓa ruwa! Alhazai da waɗanda suka yi dako a yaƙin Jamus sun kai igiyar jirgi da ƙashin wani ƙaton kifi.

Ni aka ce in kai kwalbarka. Ka tuna biyu ka zo da su daga hajji, duka a toshe da kakin zuma, ɗaya zamzam, ɗaya ruwan Bahar Maliya don masu ƙaryata ka? Ranar da aka buɗe zauren dattawa suka ɗanɗana. Babu gishiri. Aka fara murmushi, ana cewa dama Alhaji ya iya labari.

Nan na gane, Baba. Ranar da ka rasu, na ɗauko kwalba ɗaya ban duba ba na yayyafa wa likkafaninka. Ruwan teku na zuba maka. Zamzam ɗin da ka ɗauko a ƙafa, ka yi shekara da shekaru kana tanadinsa don wannan rana, bai taɓa jikinka ba.

Kwana uku na ɓoye maganar saboda kunya, ana yi maka dariya a Maigatari ranar kasuwa. Wane irin ɗa ne wannan? Ran Juma'a na ɗauki kwalbar da na juye, na tsaya a ƙofar zauren, na faɗi abin da na yi. Gishiri ya bushe fari a gindinta. Liman ya sa tsinke ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce ka yi gaskiya.

Yanzu ita ce a zauren. Sauran zamzam ɗin na kai wa Inna, ta ce a ajiye mata. Na ɗaura wa kwalbar jan zare a wuya.

Ka yafe mini. Sai mun tarar da kai.

Ɗanka,
Habu