Akwai 'Yar Farin da Ba Ku Gwada Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta zo Kebbe yin gwajin ɓargo ga masu ciwon sikila.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ni ce Malama Rabi, tsohuwar malamar firamare a Sanyinna. Ban san ƙofar ofishinka ba, lambar wayar da kuka bari kuma ta daina shiga. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta ya kai maka.

Ina magana ne a kan Bashiru, ɗan ƙanena Umaru, manomi a Fakku. Yaron bai cika shekara goma ba, amma ya san ƙofar ɗakin ƙarin jini fiye da ƙofar ajinsu. Idan ciwon ya tashi, uwarsa Saratu ce ke rungume shi a bayan babur, kowane rami a hanya sai ya yi ƙara. Da ranin bara kuka sauka a Kebbe, kuka kafa rumfa, kuka ce akwai aikin da ake kira dashen ɓargo, wanda da yardar Allah yake raba yaro da wannan ciwo. Kuka ce sai an fara gwada waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, a ga ko akwai wanda ɓargonsa ya dace da nasa, kuma gwajin kyauta ne. Ban manta wannan alheri ba. Amma ina da kuka, kuma zan faɗe shi.

Na farko, yadda aka yi tambaya. Umaru yana can cin rani a ranar, don haka Saratu ta zo tare da surukarta, wato mahaifiyarmu Inna. Wani saurayi cikin ma'aikatanka, mai fara'a, mai Hausar rediyo, ya tambaye ta a tsakiyar jama'a, Inna na zaune a gefenta, 'ya'ya nawa ta haifa bayan Bashiru da gabansa. Ta sunkuyar da kai ta nuna Sani da Amina, ƙannensa biyu da ta zo da su. Ya rubuta, aka goga musu auduga a cikin kumatu, aka kira na gaba.

Ranka ya daɗe, Saratu tana da 'yar fari. Sunanta Hadiza, muna ce mata Dije, ubanta Umaru ne, kuma a ɗakina ta girma, don tun ranar yaye aka ba ni riƙonta kamar yadda ake yi a gidanmu. A nan ƙasar mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ƙirga shi a bainar jama'a, balle a gaban suruka. Shekara ashirin ke nan, Saratu ba ta taɓa ce wa Dije komai ba sai “'yar Sanyinna”. Ba ƙarya ta yi wa yaronka ba, alkunya ta yi, ta zaci kowa ya san haka ake yi. Inna kuma kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji abin da ake tambaya ba. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Da kun zaunar da ungozoma ɗaya ta garin a bakin wannan tebur, da ta ja Saratu gefe ta ce mata, to babbar fa?

Na biyu, yadda aka rufe maganar. Sai bayan damina saƙo ya shigo wayar Umaru, cewa babu mai dacewa da Bashiru a cikin 'yan'uwansa. Ya kawo mini in karanta masa. Na ga sunaye biyu, na tambaye shi ina na Dije. Ya dubi ƙasa, shi ma ba ya iya kiran sunan. A nan na gane abin da ya faru, na yi faɗan da ban taɓa yi wa ƙanena da matarsa ba, har maƙwabta suka leƙo. Ihu ne bayan hari. Na kira lambarku, wata mata ta ɗauka, ta saurare ni da haƙuri, ta ce kowane gida sau ɗaya ake yi masa, kuma an riga an rufe na yankinmu. Na ce mata gidanmu ba a gama masa ba, rabi aka yi. Ta ce za ta kai maganar gaba. Tun daga ranar ban sake jin muryar mutum a wannan lamba ba.

Na uku, ba zama muka yi ba. Na kai Dije asibiti a Tambuwal, aka gwada jininta, aka ce ba ta da ciwon, amma gwajin ɓargo ba su da kayansa. Muka hau mota zuwa birni, wani likita ya gaya mana gaskiya cewa wannan gwaji nesa ake aikawa da shi. Ya faɗi kuɗinsa, na yi dariya don kada in yi kuka a gaban yarinya. Ya ƙara da cewa dashen ya fi kyau tun yaro yana ƙarami, kafin ciwon ya ɓata masa jiki. Shi kuwa Bashiru, tun tashin ciwon da ya yi a watan azumi, hannunsa na hagu ya fara sanyi, kofi ma sai da hannu biyu yake ɗauka.

Kada ka ɗauka ban san lissafi ba, na koyar da shi shekaru da yawa. Na san ana iya gwada Dije a ce ita ma ba ta dace ba. Na san ko ta dace, kuɗin dashen ya fi gonar Umaru da fanshona a haɗe. Amma mu Musulmi ne, mun iya haƙuri da abin da Allah ya hukunta. Abin da ya gagare mu shi ne haƙuri da abin da ba a duba ba. Kullum Dije tana shara a tsakar gidana da ƙarfinta da lafiyarta, ni kuma ina kallonta ina tunanin ko maganin ƙanenta yana cikin ƙashinta. Ita da kanta ta ce mini in za a ɗebe ɓargonta duka ma ta yarda. Ni kuwa ban san wajen wanda zan je ba.

Ga roƙona. A sake buɗe maganar Bashiru, a gwada mutum ɗaya tak. Ba sai kun zo ba, ku faɗi gari, ko ina ne zan kawo ta. Sannan duk inda za ku kafa rumfa nan gaba, a sa mace 'yar gari ta yi wa iyaye mata tambaya a keɓe, ta kuma tambayi ɗan fari da wanda aka bayar riƙo. Ina jin tsoron ba gidanmu kaɗai ba ne.

Abu na ƙarshe, saƙon Saratu ne. A kwanciyar da Bashiru ya yi ta baya-bayan nan a Tambuwal, ta karɓi wayata ta ce in danna mata lambarku. Na gaya mata a kashe take, ta ce ta sani. Ta kara a kunne, a gaban Inna, a gaban Dije, ta ce: “Ɗiyana fuɗu na. Ta farin sunanta Hadiza, ni na haife ta. Ku rubuta ta.” Dije ta fita waje da gudu tana kuka, don ranar ta fara jin sunanta a bakin uwarta. Ba wanda ya ji a can ɓangarenku, shi ya sa na rubuta muku amsar a nan.

Allah ya saka maka da alherin da ka yi niyya, ya raya maka zuriya, ya tsare su daga ciwon da ke sa uwa ta rasa inda za ta taɓa ɗanta. Allah ya sa wannan takarda ta riske ka tun hannun Bashiru na dama yana riƙe kofi.

Wassalam.

Malama Rabi, gwaggon Bashiru, mariƙiyar Hadiza,
Sanyinna.