Ummi da akuya ta bakwai

Assalamu alaikum Yaya,

Ya aiki, ya zaman Legas, ya ciwon ƙafar? Tsaskiya kowa lafiya, damina ta zauna.

'Yarka Ummi, da ta daina magana tun tasowarmu daga Ruma, ta fara sakewa. Da hutun nan nake tara ƙanana muna 'yar gala-gala, wasan tsallen nan na gidajen da ake zanawa a ƙasa, sai yaro ya faɗi lambar gida kafin ya taka. Ita kullum tsallake bakwai take yi.

Jiya awaki suka dawo daga kiwo, ta nuna su ɗaya-ɗaya ta ce, "Gwaggo, shida ne. Ina ta bakwai?" A gonar maƙwabci muka samo ta.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da abokan zamanka. Yanzu kwanakin dawowarka take ƙirgawa, kuma iyakar ƙirgarta goma.

Ƙanwarka.