Na Bar Hatimina Na Tafi Juma'a

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma na zagi kaina na gaji.

Ɗalibi ne ni a Guangzhou, ina karatun injiniya. Ana daf da gasar Olamfik aka tura ni sanin makamar aiki a wata masana'anta a Panyu, inda ake buga ƙarfen mota. Mu ke yin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, wanda ke hana mota rufta wa mutane in ta kife. Ana gasa farantin ƙarfe har ya yi jajir, inji ya danne shi, ruwan da ke zagaya cikin injin ya sanyaya shi nan take. A wannan sanyin ƙarfinsa yake. In ruwan ya ragu, ƙarfen zai fito da kyansa, amma ba ƙwari. Aikina in gwada guda ɗaya duk awa, in buga jan hatimina a takarda.

Wata Juma'a na nemi izinin zuwa masallaci, shugaban sashenmu ya ce da yarensu, "Meyo," wato babu hali, "babu mai tsaya maka." Raina ya ɓaci, don Juma'a uku ke nan a jere ina rasawa. Sai na miƙa wa abokin aikina Chen hatimin, na roƙe shi ya gwada min, na sulale. Da na dawo na tarar da takardu huɗu duk da hatimina, gogan naka kuwa yana ta kurɓar shayi. Na ce, "Ka gwada kuwa?" Ya ce, "Injin nan bai taɓa ba mu kunya ba." Ragowar guda ɗaya na samu na gwada. Wallahi ƙwarinsa bai kai yadda ake so ba ko kusa, kuma motar kaya ta riga ta fita da sauran. A lokacin ana ta tsananta wa baƙi kan biza, tsoro ya kama ni, na cusa shi cikin tarin ƙarafan da za a narke, na ja bakina na yi shiru. Wace irin sallah na yi ranar? Mutum nawa ke zaune yanzu a gefen ƙarfen nan da 'ya'yansu?

Wata biyar ke nan. Yanzu Yayana, da ke zuwa nan daga Kano saro kaya, ya sayi ƙananan bas biyu irin waɗanda muke yi wa ginshiƙi, kuma watan da aka ƙera su ya yi daidai da lokacin da abin ya faru. Za su yi jigila tsakanin Kano da Katsina. Ba yadda zan yi in gane ko na ranar ne a ciki, fenti ya rufe komai. Jiya ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne injiniyanmu. Ka duba, in ka ce bismillah a loda."

In na yi magana, za a kore ni daga makaranta da ƙasar, Chen ma ya rasa aikinsa. Jibi jirgin ruwan da zai ɗauki motocin zai tashi daga tashar Huangpu, Yaya kuma yana jiran bakina. Jama'a, me zan yi?